Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Ba da Tarihin Yaƙe-yaƙen Turai da Hausa: Jirage 14 na Mölders da Kasuwar Gernika

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, wannan takarda taku ce, ku da kuke ɗawainiyar ba da tarihin yaƙe-yaƙen Turai da harshenmu, a rediyo ne, a bidiyo ne ko a rubuce. Allah Ya saka muku da alheri. A da, abin da Bahaushe ya sani na yaƙin Hitila bai wuce labarin da tsofaffin sojojinmu suka dawo da shi daga Habasha da Burma ba. Yau kuwa yaro yana zaune a shagon caji yana sauraron yadda aka kwashe a Stalingrad. Aikinku ne. Sai dai ina da magana a kan yanki ɗaya na wannan tarihi, kuma tun da a bainar jama'a kuke ba da labarin, gara ni ma in faɗe ta a bainar jama'a.

Maganar ta matuƙan jiragen yaƙin Jamus ce, waɗanda suka yi yaƙi a Sifaniya tsakanin 1936 da 1939. Littattafan Turawa na tarihin jiragen yaƙi, inda ake ɗebo yawancin abin da ake juyawa zuwa Hausa, suna da wani jadawali da suke ji da shi. Werner Mölders ne a sama, ya kakkaɓo jirage 14. Sai Wolfgang Schellmann da 12, Harro Harder da 11, Peter Boddem da 10, haka ake gangarowa har ƙasa. Rundunarsu ta J/88 an rubuta mata jirage sama da 300. Akan ƙara armashi da labarin Wilhelm Balthasar, wanda aka rubuta masa jirage huɗu cikin minti shida a ranar 7 ga Fabrairun 1938. Abin da daɗin karantawa, musamman da kakkaurar murya da ɗan kiɗa a ƙarƙashi. Mai sauraro kuwa, da ya san Madrid da Basalona ta hanyar ƙwallo, sai ya karɓe shi yadda yake karɓar jerin masu yawan zura ƙwallaye a ƙarshen kaka. Roƙona shi ne kada ku miƙa masa jadawalin nan tsirara.

Me ya kai su can tukuna? Sifaniya ba ta taɓa Jamus ba. Gwamnatin Jamhuriya da ke Madrid zaɓe ne ya kawo ta a watan Fabrairun 1936, wasu janar-janar suka yi mata yunƙurin juyin mulki a ranakun 17 da 18 ga Yuli, yunƙurin ya ci rabin ƙasa ya cije a rabi. Sojojin da Janar Franco, ɗaya daga cikin jagororin juyin mulkin, ya fi dogara da su suna Maroko, teku ta raba su da fagen fama, ƙananan sojojin ruwa kuma sun ƙi bin hafsoshinsu, saboda haka yawancin jiragen ruwan yaƙi suna hannun gwamnati. Sai Franco ya tura wakilai, suka sami Hitila a garin Bayreuth a daren 25 ga Yuli. A daren ya amince. Jiragen jigila 20 ƙirar Junkers 52 da jiragen faɗa shida ƙirar Heinkel 51, su ne kashin farko. Mutanen da suka rako su sun hau jirgin ruwa mai suna Usaramo daga Hamburg cikin kayan gida, da sunan 'yan yawon buɗe ido, suka sauka Cádiz ranar 6 ga Agusta.

Wani zai ce shiga sharo ba shanu. A'a, Hitila da shanunsa ya shiga. Yana son tama da sauran ma'adanan Sifaniya don masana'antun makamansa, kuma ya same su ta wani kamfanin bogi mai suna HISMA. Yana son Faransa ta kwana da abokin gaba a bayan gidanta. Göring kuma, shugaban rundunar saman Jamus, da bakinsa a kotun Nuremberg a 1946, ya ce ya ga damar gwada sabuwar rundunarsa ta sama a yaƙin gaske.

Aikin farko da jiragen Jamus suka yi a wannan yaƙi ya kamata ya tsaya wa Bahaushe a rai, domin 'yan Afirka suka ɗauka. Daga Tetuan zuwa Seville, su da jiragen Italiya sun tsallakar da soja fiye da 13,000 tsakanin ƙarshen Yuli da Oktoba, da yawansu Musulmi ne 'yan Maroko waɗanda talauci ya sa suka shiga aikin soja. Wasunsu daga tsaunukan Rif suka fito, yankin da Sifaniyar nan ta yi wa ruwan iskar guba shekara goma da 'yan kai kafin nan, lokacin yaƙin Abdulkarim. Rundunonin da aka tsallakar ɗin ne suka nausa arewa, suka yi kisan gillar Badajoz a watan Agusta. Wannan jigila ta fi duk wani jirgi da aka kakkaɓo tasiri a kan yadda yaƙin ya kaya, amma ba ta da gurbi a jadawali, tun da babu wanda ake zana wa farin layi a wutsiyar jirgi, alamar jirgin da aka kakkaɓo, don ya yi dakon soja.

Ga kuma wata kwanan wata da nake so ku riƙa faɗa. Ranar 24 ga Agustan 1936 Jamus ta shiga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla cewa babu mai tsoma baki a rikicin Sifaniya. Washegari, 25 ga wata, Hannes Trautloft da Kraft Eberhardt kowannensu ya harbo jirgin gwamnati ƙirar Breguet 19. Su ne lamba ta ɗaya da ta biyu a lissafin Jamusawa. Wato tawadar sa hannun ba ta gama bushewa ba aka buɗe littafin. Daga nan har kusan shekara uku wakilin Jamus yana zama a kwamitin Landan ana shan shayi ana maganar hana shigar da makamai, iyalan matuƙa kuma an hana su faɗin inda 'ya'yansu suke. Jiragen ma ba tambarin Jamus suke ɗauke da shi ba, baƙin da'ira ne a jiki da gicciye baƙi a farar wutsiya, alamar ɓangaren Franco.

Yanzu ga gundarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A watan Nuwamban 1936, lokacin da aka kafa Rundunar Condor, wato rundunar da Jamus ta tura wa Franco, a ƙarƙashin Hugo Sperrle, jiragen Rasha sun bayyana a samaniyar Madrid. Akwai I-15, wanda 'yan Jamhuriya suke kira Chato, da I-16 da suke kira Mosca. Suka nuna wa Heinkel 51 cewa zamaninsa ya wuce. Eberhardt ɗin nan ya mutu a kan Madrid ranar 13 ga Nuwamba. Har jirgin Rasha mai jefa bam, SB-2, ya fi Heinkel gudu. To me za a yi da jirgin faɗa da ba ya iya faɗa? Sai aka sauko da shi ƙasa-ƙasa, aka rataya masa ƙananan bama-bamai, aka ce ya bi ramukan soja da hanyoyi da duk abin da ke motsi yana feshin harsashi.

Da haka aka je Gernika. Litinin ce, 26 ga Afrilun 1937, ranar kasuwar garin, gari mai alfarma a wurin ƙabilar Bask, cike da manoma da 'yan gudun hijira. Wajen awa uku jiragen Jamus da na Italiya suna zuwa kashi-kashi, bam mai rusawa a gaba, mai cinna wuta a baya. Mutanen da suka fita da gudu zuwa gonaki da bakin hanya, jiragen Heinkel 51 ne suka bi su da bindiga. Na wace runduna ne? Na J/88, wadda jadawalin nan nata ne. Gadar da aka ce ita aka je karyawa tana nan ba abin da ya same ta, haka ma masana'antar makamai da ke gefen gari. Gwamnatin Bask ta ce mutum 1,654 suka mutu. Binciken da aka yi daga baya yawanci ya sauko da adadin zuwa 'yan ɗaruruwa, har yau kuma masana suna jayayya a kai. Ɓangaren Franco ya ce ai Bask ɗin ne suka ƙona garinsu da hannunsu, aka ci gaba da maimaita wannan ƙarya a Sifaniya shekara da shekaru, duk da cewa ɗan jarida George Steer ya isa garin a daren yana ci da wuta, ya ga kwanson bama-bamai masu tambarin Jamus, jaridar Times ta buga rahotonsa bayan kwana biyu.

Ku duba Adolf Galland. Duk mai bibiyar tarihin jiragen yaƙi ya san sunan, mutumin sigari da gashin baki wanda daga baya ya zama janar na dukkan matuƙan jiragen faɗan Jamus. Ya iso Sifaniya a watan Mayun 1937, bayan Gernika, ya shugabanci rukuni na uku na J/88, ya tashi wajen sau 300. Jirage nawa ya kakkaɓo a can? Ko ɗaya. A jadawali sifili gare shi. Duk tashin nan ƙasa yake duka, a Brunete da Asturias da Teruel, yaransa har tankin mai suke haɗawa da bam su saki a kan mutane. Da ya koma gida aka ba shi lambar yabon Jamus mafi daraja ta yaƙin Sifaniya, mai lu'ulu'u, irin wadda aka ba Mölders. Manyansa sun san abin da suke sakawa a kai. Jadawalin yana ƙirga abin da ya faɗo daga sama ne kawai, abin da aka sako daga sama ba ya cikin lissafinsa, alhali nan ne yawancin aikin yake.

Su ma masu manyan lambobin, ina amfanin kakkaɓo jiragen? Jirgin faɗa ɗan rakiya ne. Aikinsa ya share hanya don masu ɗauke da bam su isa lafiya su koma lafiya. Da sabon jirgin faɗan Jamus, Messerschmitt 109, ya iso a watan Maris na 1937, Günther Lützow ya buɗe masa lissafi da wani I-15 a ranar 6 ga Afrilu a yankin Bask, kwana ashirin kafin Gernika. 'Yan jiragen da Bask suke da su ba su taka kara sun karya ba, aka ƙarar da su ɗaya bayan ɗaya, samaniya ta zama ta mai bam shi kaɗai. Bilbao, birni mafi girma a yankin Bask, ta faɗi ranar 19 ga Yuni. Duk farin layi guda a wutsiyar Messerschmitt, wani gari ne ya rasa mai tsaronsa ɗaya.

Ba na ce ku tauye wa kowa haƙƙinsa ba. Mölders gwani ne, wannan ba abin musu ba ne. Kafin su, jiragen faɗa uku-uku suke tashi a matse, matuƙi yana ta kallon fiffiken ɗan'uwansa kada su yi karo maimakon ya duba inda abokin gaba zai ɓullo. Shi da Lützow suka gyara tsarin tashi biyu-biyu, ɗaya yana farauta ɗaya yana tsare masa baya, a haɗa biyu da biyu su bazu yadda kan yatsu huɗu na hannu suke. Ingila sai da ta sha wuya a 1940 kafin ta kwaikaya. Kuma gaskiya ne Mölders ba ya Sifaniya ranar Gernika. Sai a watan Afrilun 1938 ya zo, ya karɓi rukunin Galland a watan Mayu. Haka nan ɓangaren Jamhuriya ba waliyyai ba ne. An kashe limaman coci da masu hidimarta kusan 7,000 a yankinsu, an yi kisan fursunoni a Paracuellos, jiragensu sun jefa bam a garin Cabra a watan Nuwamban 1938 suka kashe mutum sama da 100. Stalin ma ba don Allah ya aiko da jirage ba, zinaren baitulmalin Sifaniya ya karɓa. Duk ku faɗa.

Amma in za ku faɗi 14 ɗin, ku faɗi lokacinsu. Na farko ranar 15 ga Yulin 1938, na ƙarshe ranar 3 ga Nuwamba. Wata guda kafin ya fara, Faransa ta rufe iyakarta, hanyar da jirage da kayan gyara suke shigowa Jamhuriya ta toshe. Matuƙan Rasha yawancinsu an janye su. Waɗanda suka rage a cikin Chato da Mosca samarin Sifaniya ne, da yawa an kai su Kirovabad, garin da yanzu ake kira Ganja a Azarbaijan, an koya musu tuƙi cikin 'yan watanni an dawo da su. Su ne suke tashi a kan kogin Ebro suna ƙoƙarin tsare gadojin da sojojinsu ke tsallakawa, kullum adadinsu yana raguwa, babu mai cike gurbi. Jamusawa kuwa karɓa-karɓa suke yi, wanda ya yi 'yan watanni ya koma gida a kawo sabon jini, har aka juya mutum wajen 19,000. Duk da haka samarin nan ba su zama nama ba. Sun harbo Otto Bertram, mai jirage tara, a watan Oktoban 1938, ya sauka da laima aka kama shi. Tun a Brunete ma wani Ba'amurke ɗan sa-kai, Frank Tinker, ya kakkaɓo Messerschmitt da jirginsa na Rasha. Littattafan suna da sunan mai harbi da ranar da wurin, wanda aka harba kuwa ƙirar jirginsa kaɗai ake rubutawa, sai ka ce babu mutum a ciki.

Lambobin kansu kada ku rantse a kansu. Abin da matuƙi ya ce ya gani ne, wani ya shaida, ofis ya buga hatimi. A cikin hargitsin sama mutum biyu sukan harbi jirgi ɗaya kowa ya rubuta, jirgin da ya yi hayaƙi ya nutsa ƙasa kuma wani lokaci yakan lallaɓa ya sauka a filinsa. Kowane ɓangare a wannan yaƙi ya yi iƙirarin fiye da abin da ya kakkaɓo. In kun ce "an rubuta masa" kun fi kusa da gaskiya a kan "ya kakkaɓo".

Ƙarshen yaƙin ma akwai aikin jirage a ciki. Basalona ta faɗi ranar 26 ga Janairun 1939, mutum kusan rabin miliyan suka kama hanyar Faransa a ƙafa cikin hunturu, mata da yara da raunanan soja, jiragen ɓangaren Franco suna dukan hanyoyin da garuruwan da suke ratsawa, irin su Figueres. Ranar 1 ga Afrilu Franco ya ce yaƙi ya ƙare, ya zauna a kan mulki har ya mutu a 1975. Ranar 6 ga Yunin 1939 Rundunar Condor ta yi fareti a Barlin gaban Hitila, sirrin da aka yi ta musantawa ya koma abin alfahari. Bayan wata uku sai Jamus ta afka wa Poland. Wolfram von Richthofen, wanda shi ne shugaban ma'aikatan rundunar lokacin Gernika, shi ya jagoranci luguden Warsaw a 1939 da na Stalingrad a 1942. Taurarin jadawalin kuwa ba su daɗe ba. Boddem ko gida bai isa ba, haɗarin jirgi ya ci shi a watan Maris na 1939. Harder ya mutu a gaɓar Ingila a 1940. Schellmann ya ɓace a ranar farko ta mamayar Rasha. Mölders, bayan ya zama mutum na farko da aka rubuta wa jirage 100 a yaƙin duniya, ya mutu yana fasinja ranar 22 ga Nuwamban 1941, a hanyarsa ta zuwa jana'iza, yana da shekara 28.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwar rubuto muku shi ne yadda Jamusawa da kansu suka yi da wannan gado. An daɗe ana karrama Mölders a Jamus ta Yamma: jirgin ruwan yaƙi ya ci sunansa, haka ma rundunar jiragen faɗa ta 74 da ke Neuburg tun daga 1973. A 1997, shekara 60 cif bayan harin, Shugaba Roman Herzog ya aika wa waɗanda suka tsira a Gernika saƙo yana amsa laifin matuƙan Jamus yana neman sulhu. A watan Afrilun 1998 majalisar dokokin ƙasar ta zartar cewa a daina karrama 'yan Rundunar Condor. A 2005 ministan tsaro Peter Struck ya cire sunan Mölders daga rundunar Neuburg. Tsofaffin hafsoshi sun yi ca, suna cewa mutumin kirki ne, mai riƙo da addininsa na Katolika, kuma ba ya nan ranar Gernika. Aka ji su, aka cire sunan. Idan ƙasar da ta haife shi ta auna ta ga 14 ɗin ba su isa a rataya sunansa a ƙofar bariki ba, bai kamata a ce a harshen Hausa ne za a zo ana yi masa kirari ba.

Kada kuma wani ya ce abin ya yi nisa da mu. Trautloft, mai lamba ta farko a watan Agustan 1936, ya tsira daga yaƙin duniya ya kai muƙamin laftanar-janar a rundunar saman Jamus ta Yamma, rundunar da ta turo hafsoshi suka taimaka aka kafa ta Najeriya a 1964, har shugabanta na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne. Mun kuma ga namu yaƙin basasar daga 1967 zuwa 1970, inda baƙin matuƙa suka tuƙa wa ɓangarorin biyu, Misirawa a jiragen gwamnatin tarayya, Carl Gustaf von Rosen ɗan Suwidin da 'yan ƙananan jiragensa a ɓangaren Biyafara. Waɗanda suka rayu a ƙarƙashin waccan samaniya, kasuwar da bam ya faɗa suke tunawa.

Saboda haka, malamai, ba cewa nake ku daina ba da labarin ba. Ku ba da shi, har da ƙirar jirage da dabarun tashi, masu sauraro suna so, ni ma ina so. Amma duk inda kuka ambaci adadin wani matuƙi, ku haɗa da garin da ake faɗan a kansa da abin da jiragen bam suka yi wa garin a makon. Ku faɗi cewa gwamnatin da ake harbo wa jirage zaɓaɓɓiya ce, masu harbin kuma baƙi ne da suka shigo da kayan gida. Inda littafi ya kawo sunan wanda aka harbo, ku karanta shi ko da zai karya muku harshe. Hoton wutsiyar jirgi mai fararen layuka in zai fito a bidiyo, to hoton titunan Gernika na washegari ya biyo bayansa, hotunan suna nan ba ɓoyayyu ba ne. In kuwa lokacin shiri ya yi kaɗan har dole sai an yanke wani abu, ku yanke jadawalin ku bar kasuwar Litinin da hanyar Figueres.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗalibin tarihi mai sauraronku.